Ranar da Arvid Ya Faɗi a Bakin Ƙofarsa

Corinne Halvorsen ta daɗe ba ta taka garinsu Eveleth ba, amma kullum sai ta ga ƙofar gidan mahaifinta. Bayan rasuwar mahaifiyarsu ne ita da yayanta Glenn suka sa aka maƙala wa tsohon kyamara a jikin ƙofar gaba, 'yar ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba. Ko ganye ne ya gifta ta gabanta sai wayar Corinne ta yi ƙara a Minneapolis, ta Glenn ma ta yi a can Arizona. Ta haka suke sanin ya tashi lafiya. Da safe zai fito cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta zamanin da yake aikin haƙar tama, ya sauka matakala, ya ɗauko jarida, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya koma ciki.

Shi Arvid bai so abin ba. Ranar da aka sa ta, ya tsaya a gabanta ya riƙe ƙugu ya ce, "Wato yanzu ni ne talabijin ɗinku."

Daga can Corinne ta amsa masa ta cikin kyamarar, "Don lafiyarka ne, Baba."

"Lafiyata ƙalau. In ganina kike so, Corrie, hanya tana nan inda kika bar ta."

Ta ce za ta zo ƙarshen wata. Watan ya ƙare, wani ya kama, bazara ta wuce, ganye ya zube. Ba wai ƙin zuwa take ba. Aikinta a gida take yinsa, a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, tana amsa koke-koken abokan hulɗar wani kamfanin inshora, mutane da yawa a lokaci guda, kowa da ɗan akwatin rubutunsa a fuskar kwamfuta. Ba ta taɓa jin muryar ko ɗayansu ba. Cefane ta waya take yi a kawo mata har ƙofa. Likita ta kwamfuta take ganinsa. Coci ma tun shekarar annoba ta koma bin sujada daga kan kujerar falo. Mijinta Wendell yana ɗakin ƙasa da nasa aikin, in abinci ya iso sai ya rubuto mata ta fito. Wani lokaci takan lura takalminta ya yi kwana da kwanaki a inda ta cire shi. Abin bai dame ta ba. Dama a 'yan shekarun nan babu abin da ke damunta sosai, babu kuma abin da ke burge ta.

Cefanen Arvid ma ita take yi masa daga nan, duk ranar Talata: madara, burodi, ƙwai, kofi, da kifin gwangwani da yake so.

Wata Talata a farkon Nuwamba aka tashi da sanyi, raɓa ta daskare a kan tituna. A makon wani kurege ya mai da barandar Arvid wurin ɓoye abincinsa, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, wayar Corinne kuwa ba ta huta ba. Tana da taron horaswa ta bidiyo da safiyar nan, shugabarta tana magana wayar tana ta kuka a kan tebur. Sai ta sa yatsa ta kashe ƙarar sanarwar ta kife wayar. Taron ya ƙare ta shiga amsa mutane, ta ci burodi da cuku a gaban kwamfuta, ta manta.

Rana ta karkata lokacin da saƙon masu kai kaya ya shigo: an ajiye cefanenku. Kamar kullum, da hoto a ƙasa. Ledoji biyu da kwalin madara a gaban koriyar ƙofa. Ta kai yatsa za ta goge saƙon, sai ta ga wani abu a gefen hoton, can ƙasan matakala, kusa da busasshiyar shukar mahaifiyarta. Ta ware hoton da yatsu biyu. Silifas ne ruwan ƙasa, da ƙafa a ciki, sanye da safa mai ruwan toka.

Ta dube shi kamar yadda take duban hotunan motocin da suka yi karo da mutane ke turo mata. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne hoton bai fita sosai ba. Akwai wani mutum da ke jiran amsarta a kan rufin gidansa da ke yoyo, ta rubuta masa, "Na gode da haƙurinka, ka ɗan ba ni lokaci." Sannan ta buɗe kyamarar.

Abin da kyamarar ke gani shi ne baranda da matakala da ɗan gefen titi kawai. Amma a can gefe ana hango kafaɗar tsohuwar rigar sanyin, da farin gashi a kan ciyawa. Ta danna wurin magana.

"Baba?"

Wata mota ta wuce a titi.

"Baba, Corinne ce."

Kafaɗar ta motsa kaɗan. Muryar ta zo siririya, kamar daga cikin rijiya. "Corrie. Sai yanzu?"

"Kada ka motsa. Ina kiran motar asibiti."

"Ina zan motsa in je?"

Ta kira lambar gaggawa, kiran ya faɗa ofishin birninta, aka ce ta jira a haɗa ta da na garinsu da ke can arewa. Matar da ta ɗauka a can ta tambaye ta, "Kina tare da shi?"

"Ina ganinsa."

"Kina wurin ke nan?"

"A'a. Ina ganinsa dai."

"Akwai wanda zai iya zuwa ya rufe shi da bargo kafin mu iso?"

Akwai Bernice Zupancich, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu, wadda ta goyi Corinne tana jaririya. Corinne ta duba wayarta ba ta da lambarta. Ta rubuta sunan a intanet, aka nuno mata tallace-tallace da wata Bernice da ta rasu a wata jiha. Ta ajiye, ta buɗe wurin danna lamba ta zuba masa ido, sai yatsunta suka tuna da lambar wayar gidan Bernice, wadda take kira tana yarinya in ta dawo makaranta ta tarar ba kowa.

Daga nan kallo kawai ta yi. Ta ga Bernice ta tsallako titi da gudun tsofaffi, bargo a rungume, ta durƙusa ta fita daga hoton. Ta ji ta tana cewa, "Wayyo Arvid, wayyo Allah, kai da taurin kai, me ya fito da kai da silifas?" Can sai fuskar Bernice ta cika wayar gaba ɗaya, hanci da tabarau.

"Corinne, kina cikin abin nan?"

"Ina jin ki, Bernice."

"Jikinsa kamar ƙanƙara. Tun yaushe yake kwance a nan?"

Corinne za ta iya sani. Ta ja jerin bidiyon ƙasa har ta kai na farko, ta ga lokacin da ke rubuce a jikinsa. Tun fitowar ɗaukar jarida ne. Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ga su nan zuwa."

Suka zo, maza biyu da gadon ɗaukar mara lafiya. Ɗaya ya ture ledar cefanen da ƙafa don ya sami wurin tsayawa. Suka ɗaga shi, suka wuce da shi, titi ya koma yadda yake. Corinne ta ci gaba da kallon ledojin har fuskar wayar ta dushe da kanta.

Ta kira Glenn. Ya ce, "Kai! Na ga sanarwar tana ta shigowa, na ɗauka shegen kuregen nan ne. Na ce ai ke kina dubawa."

"Ni ma na ce kana dubawa."

Ta ji ƙarar mashin ɗin haɗa kofi a bayansa.

"Turo mini bidiyon," in ji shi.

"Yana wayarka, Glenn."

Wendell ya hauro daga ɗakin ƙasa, abin sauraro rataye a wuyansa, ya rungume ta ya tambaya ko ya zo su tafi tare. Ta ce ba sai ya zo ba. Ta nemi takalminta ta same shi a ƙarƙashin kwalaye.

Hanyar arewa ta san ta tun tana yarinya, amma ta kunna muryar waya tana gaya mata inda za ta juya. Gari ya yi duhu da wuri, itatuwa tsirara a gefen hanya. Ta yi ta jiran kuka ya zo. Ta ma rage gudu a wani wuri don kada ya same ta tana tsakiyar manyan motoci. Bai zo ba. Abin da take ji kawai wuyanta ya riƙe, da ɗan ƙishi. Ta tsaya shan mai, ta biya a jikin famfo ba tare da ta ga kowa ba, ta duba waya. Glenn ya riga ya sanar a shafinsa, yana roƙon addu'a. Mutane suna ta turo 'yan hotunan hannuwa a haɗe da jajayen zukata, har da waɗanda ta rabu da su tun sakandare. Ta tsaya cikin sanyin tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana danna alamar ta gani, har wani mai babbar mota ya yi mata oda ta ba shi wuri.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sanyi kuma ya shige shi sosai, amma zuciyarsa da ƙarfi. Gobe za a yi masa aiki. Yana barci, an lulluɓe shi da wani bargo mai hura iska mai ɗumi. Ya yi ƙanƙanta fiye da yadda yake a waya. A wayar kullum daga sama take ganinsa, ba ta san kumatunsa sun faɗa haka ba.

Bernice tana zaune a kujerar baranda da jakarta a cinya. Ta tashi ta kama fuskar Corinne da hannu biyu ta ƙare mata kallo.

"Kin yi fari fat, 'yar nan. Rana ba ta fitowa ne a birninku?"

"Na gode, Bernice. Ba don ke ba..."

"Ke, rufe mini baki." Ta koma ta zauna. "Shekara da shekaru, duk safiya sai na ɗaga labule na ga ya ɗauki jaridarsa. Haka muka yi da uwarki. Tun da kuka sa masa abin nan na ce to, ya sami masu gadi, bari in huta. Yau ina kicin tun safe, jikata ta turo mini bidiyon ɗanta yana koyon tafiya, daga shi na wuce wani, daga wani na wuce wani, har na kai ga wata mata a Koriya tana yanka kabeji. Ina ruwana da kabejin Koriya? Mutum yana kwance a ƙetaren titi, ni ina kallon kabeji."

Ta fashe da kuka. Corinne ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya. Tana kallon hannunta yana hawa yana sauka a kan rigar ulun, kamar hannun wata.

Ta zauna a gidan mahaifinta kwanakin da ya yi a asibiti. Gidan yana warin kofi da tsohuwar takarda. Ta kafa kwamfutarta a teburin kicin ta ci gaba da aiki, domin ba ta ga dalilin da zai sa ta daina ba. Tsakanin mai koke da mai koke takan buɗe bidiyon ranar. Guntu-guntu ne, don kyamarar sai ta ga motsi take ɗauka. A na farko ya fito, ya taka matakala ta biyu, ƙafarsa ta tafi, ya bi ta gefe ya ɓace. A na gaba hannu ne kawai yake ɗagowa yana sauka. Akwai guntun da aka ga ya jefo hularsa kan baranda don ya tayar da kyamarar, yana kiran sunanta. Akwai na kurege. Sai na mai kawo kaya, ya hauro da gudu, kunnuwansa toshe da abin sauraro, ya ajiye, ya ɗauki hoto, ya juya. Ana jin Arvid yana cewa, "Bawan Allah, bawan Allah," muryar ba ta kai ta wani wuri ba.

Ta kalle su har ta haddace. Ko sau ɗaya gabanta bai faɗi ba. Kamar mahaifin wata ne a wata ƙasa, irin bidiyon da mutum ke wucewa kafin ya kai na gaba. Duk sanda ta gama, manhajar takan tambaye ta ko tana son raba wannan bidiyo da maƙwabta.

Bayan an yi masa aikin da 'yan kwanaki, Arvid ya dawo hayyacinsa, har yana ƙorafin kofin asibiti. Tana zaune a gefen gadon, ya miƙo hannu.

"Nuna mini."

"Me, Baba?"

"Fim ɗina mana. Ba ku ɗauka ba?"

Ta so ta hana, ya bar hannun a miƙe. Ta ba shi. Ya sa tabarau ya riƙe wayar nesa da fuskarsa. Da aka zo wurin faɗuwar ya ɗan zabura.

"Kai, wannan tsoho ya sha ƙasa," ya ce. Ya kalli na hular ya gyaɗa kai. "Jifa dai ban manta ba."

"Baba, ka yi haƙuri. Na kashe ƙarar ce. Ina taro."

"To ai ni ma da ina da wurin kashe ta da tuni na kashe." Ya miƙo mata wayar. "Na yi ta kiranki har na gaji. Daga baya na koma zagin kuregen. Shi dai ya tsaya ya saurara."

Ta yi murmushi don ta ga yana son ta yi. Ta laluba cikinta tana neman abin da ya kamata 'ya ta ji a irin wannan wuri, ta tarar ba komai, sai tunanin cewa cajin wayarta ya kusa ƙarewa. Shi kuwa ya juya ya zuba wa talabijin ɗin bango ido, ana hasashen yanayi.

Likita ya ce ba zai sake zama shi kaɗai ba. Glenn ya kira da shawarwari: a sa kyamarori a cikin gidan, har banɗaki, a ɗaura masa wani agogo da ke kiran asibiti da kansa in mutum ya faɗi. Corinne ta ce a'a, za ta tafi da shi. Ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Glenn ya ce, "Kin tabbata? Ba ƙaramin aiki ba ne fa," ta ji yadda muryarsa ta saki. Kafin Kirsimeti an sayar da gidan ga wasu ma'aurata daga Colorado waɗanda ba su taɓa taka shi ba, ta bidiyo dillaliya ta zagaya da su. Bernice ta tsaya a bakin titi cikin dusar ƙanƙara ranar da suka tafi, ta tura wa Arvid ƙunshin burodin gyaɗa ta tagar mota ta ce, "In ka mutu a can ban yafe ba." Ya ce, "Ke za ki riga ni, tsohuwar banza." Suka yi dariya su biyu.

Aka ba shi ɗakin da ke jikin na aikinta, bango ɗaya ya raba su. Makonnin farko bai zauna lafiya ba. Zai turo abin dogarawarsa mai ƙafa huɗu har bakin ƙofarta ya tsaya.

"Corrie, wane ne mai jar motar nan da ke ajiye ta a karkace?"

Sai ta ɗaga masa yatsa ɗaya, idonta a kan kwamfuta. Ya jira, ya jira, ya juya. A teburin cin abinci yakan ja Wendell da hira, labarin shekarar da aka yi yajin aiki a mahaƙa, Wendell yana "Haba dai," "Ikon Allah," wayarsa a gefen faranti tana haske. Ya tambayi sunayen maƙwabta, ba wanda ya sani. Ya ce a kai shi coci, aka kunna masa a talabijin. Ya kalla kaɗan ya ce shi bai saba yin sujada da silifas ba, a kashe.

Wendell ne ya kawo dabarar, da kyakkyawar niyya. Ya ɗauko tsohuwar kwamfutar hannunsa mai faɗi, ya nemo bidiyon manyan motocin ɗibar tama, irin waɗanda Arvid ya tuƙa rabin rayuwarsa, ya ɗora masa a cinya.

"Ɗauke mini wannan," in ji Arvid.

"Ka dai duba, Baba. Ga irin taka nan."

"Wannan ba irin tawa ba ce. Tawa ba ta da..." Ya gyara tabarau. "Dubi yadda wawan nan yake juya ta. Wa ya koya masa tuƙi?"

Bidiyon ya ƙare, wani ya fara da kansa. A daren bai zo tebur ba, aka kai masa abinci ɗaki.

Daga motocin tama ya wuce jiragen ƙasa, daga su ya wuce masu kamun kifi a cikin ƙanƙara, da wani mutum da ke gyaran tsofaffin agogo ba ya magana. Ya daina tambayar jarida. Ya daina zuwa bakin ƙofarta. Mai koya masa tafiya ta ce ya kamata ya riƙa zagaya gidan, ya ce to, in wannan ya ƙare. Bernice takan kira ranar Lahadi, tun yana daɗewa a kan wayar har ya koma cewa a gaya mata zai kira. Gidan ya yi tsit, kowa a ɗakinsa. Wendell ya ce, "Kin ga, ya saba." Corinne ta ce, "Ya saba."

Wata rana a ƙarshen hunturu, ƙanƙara ta fara narkewa tana ɗiga daga rufi, tana tsakiyar amsa wa wata mata da reshe ya faɗo wa mota, sai wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga sunan da bai taɓa rubuto mata ba.

"corrie akwai sauran miya"

Ta ji tarinsa ta bango, da ƙarar jirgin ƙasa ƙasa-ƙasa. Ta dubi ƙofar ɗakinta, a buɗe take. Akwatin matar nan mai mota yana ta ƙiftawa.

Ta rubuta, "Akwai. Zan ɗuma maka in na gama."

Aka ɗan jima, alamar yana rubutu ta bayyana, ta ɓace, ta sake bayyana. Sai ga hoton babban yatsa a ɗage. Ba ta san wa ya koya masa ba. Ta ajiye wayar ta tambayi matar ko reshen na bishiyar gidanta ne ko ta maƙwabci.